Madubin Da Na Ƙi Yankewa

Masu karatu, yau sai kun yi haƙuri da ni, babu abin dariya a bakina. Tun makon jiya kuke turo min saƙo, "Wirda, ina labarin Uda Yon? An kai maganar kuwa?" An kai. Amma kafin in faɗa muku abin da aka dawo da shi, sai kun biyo ni wurin aikina tukuna, don can abin ya samo asali.

Wanda yau ya fara karanta ni, sunana Wirdanis. Amak, mahaifiyata, ita kaɗai ke kirana da sunan gaba ɗayansa, shi ma sai na yi laifi. Mu biyu ne a wani ɗan gidan haya a Jakarta, ɗaki biyu da falo, rabin falon ma keken ɗinkinta ya cinye. Ina aiki a wani banki, ni ce mai kula da faya-fayan babbar kwamfutar da ajiyar kowa ke ciki. Kaka muke ce mata a ofis, don ta riga yawancinmu zuwa wurin, kuma ba ta son a taɓa ta babu sallama.

Kaka ba ta da nauyin kai. Lissafi kafin ku ƙifta ido ta gama. Inda take shan wahala shi ne zuwa faifai, ko ta ɗauko bayani ko ta ajiye. Nan take tsayawa jira, idan ta tsaya kuwa kowa ya tsaya. Mai ATM yana kallon allo, mai waya yana kallon 'yar da'irar nan da ke ta juyawa yana jan tsaki. Aikina kenan, rage wa Kaka jira. Uda Yon kuwa, Yonhendri (Uda kamar a ce Yaya ne a wurinmu), shi ne shugaban sashenmu, shi ake kira a wanke tas idan ta yi nauyi. Shi ne kuma mutumin da nake so, wannan ban taɓa ɓoye muku ba.

Ranar Laraba da na taso daga aiki, tun daga bakin lungu na jiyo ƙamshin rendang. Na san da magana, don Amak ba ta ɗora wannan tukunyar naman haka kawai. A bakin ƙofa na tarar da takalman maza, baƙaƙe, an goge su har suna ɗaukar ido. Mak Dang ne, yayan Amak, babban kawuna, ya taso tun daga ƙauyenmu na Pariaman. Yana zaune ya ɗora baƙar hularsa a gwiwa, yana kurɓar shayi mai ƙwai.

"Ga mai jinyar tsohuwa ta dawo," ya ce, da na durƙusa na kai hannunsa goshina. "Ya jikin kakar taku? Har yanzu sanyi kuke hura mata kamar kifin kasuwa?"

"Tana nan da ranta, Mak Dang. Ya hanya?"

"Hanya lafiya. Ke ce dai kika rame. Aikin ne ko yaron?"

"Duka biyun," Amak ta amsa daga kicin, ba wanda ya tambaye ta.

Sai idona ya sauka a kan tebur. Carano ne, tasar tagullar nan mai ƙafa ta babban gidanmu, Mak Dang ya taho da ita, Amak ta goge ta da tsamiya har tana walƙiya. Kun dai san mu, dangin mace ne ke zuwa neman namiji. Kawu zai ɗauki carano, an jera ganyen sirih da muke taunawa kamar goro a ciki an lulluɓe, ya kai gidan su saurayi. Idan manyansu sun ɗauki ganye sun kai baki, magana ta karɓu. Daga nan sai musayar tando, abin da kowane gida ke ba wa ɗayan ya riƙe, shaidar an yi alkawari.

Amak ta fito tana goge hannu a gefen zaninta. "Lahadi za su je. A tsayar da magana kafin azumi, a ɗaura bayan Sallah. Na gaji da amsa tambayar matan masallaci, kullum sai wata ta taɓa ni a sahu ta ce ya labarin 'yarki. Kuma ki buɗe kunne ki ji, Wirdanis. Kawunki bai taɓa ɗaukar carano ya dawo da shi yadda ya kai ba. Kar a fara a kanki."

"Ni me zan yi, Amak?"

"Bakinki. Ni na haife ki, na san bakinki. Uwar yaron nan ta taɓa ce min kina da kaifin harshe. Ita dariya ta yi da ta faɗa, ni ban yi ba."

Na shige ɗaki na cire mayafi, sai ga wayata ta yi ƙara. Uda Yon ne.

"Mak Dang ya sauka lafiya?"

"Lafiya lau. Wai na rame."

"Ki ce masa laifin Kaka ne. Na gama haɗa tando ɗina fa. Wallahi sai kin yi kuka."

"Wuƙar kakanku ce ko zanen gado?"

"Ba za ki ji a bakina ba. Gobe ki same ni a ɗakin sanyi bayan azahar, akwai magana."

Na kife wayar a ƙirji ina murmushi ni kaɗai kamar sokuwa. Dama watan jiya ya yi wata tafiya Medan da ya ƙi gaya min dalilinta, kuma ya sha zama da Amak yana tambayarta sunayen mutanen ƙauyenmu da suka bar gida tun da daɗewa. Ni duk a zatona lissafin waɗanda za a gayyata biki yake.

Ɗakin sanyi nan ne Kaka take zaune da akwatunan faya-fayanta, a jere, baƙaƙe, ba abin da ake ji sai hucin fankoki. Na ɗora rigar sanyi a kan doguwar rigata ruwan toka na shiga. Na same shi tsaye, farar riga ya naɗe hannunta, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Na duba aikinki, Wir," ya ce. "Kin yi ƙoƙari."

Kuma na yi ɗin, ba yabon kai ba. Da na bi diddigin jiran Kaka, sai na tarar bayanan da kowa ya fi nema an cusa su a faifai guda mai ƙofa guda, buƙatu sun yi cincirindo a bakinta suna layi. Na rarraba su a faya-fayai da yawa, na ƙara wa kowanne ƙofofi yadda za a riƙa shiga da yawa a lokaci ɗaya. Abin da ake yawan tambayarta kuma na sa ta riƙe shi a ka, ba sai ta je faifai ba. Ɗauko bayani dai ya daina ba mu ciwon kai. Saura ajiyewa.

Ajiyewa kuwa madubi ne ke riƙe da ita. Haka muke kiransa. Muna da wasu faya-fayan a wani gari can bayan duwatsu, tagwayen waɗannan. Duk abin da Kaka ta rubuta a nan sai an aika can, kuma ba za ta ce wa mutum an gama ba sai can ta amsa mata, "na karɓa." Kamar dai ki tura saƙo ki ƙi ajiye wayar sai kin ga alama biyu. Jiran bai kai ƙiftawar ido ba. Amma a makon Sallah, lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin biki kowa na haramar tafiya gida, ƙiftawa kan ƙiftawa sai ta zama layi har bakin titi.

"Sai dai bai kai inda na yi wa Pak Harjono alkawari ba," ya ce. Pak Harjono shi ne daraktanmu; a ofis Pak ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Mbak. "Madubin ne ya rage. So nake mu riƙa yanke shi da rana a makon Sallah. Idan hada-hada ta lafa mu haɗa, can ta kamo abin da ya wuce ta."

Na kalle shi ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba.

"Uda, wuni guda kenan abin mutane yana wuri ɗaya tak."

"Na mako guda ne, Wir."

"Idan ƙasa ta motsa fa? Idan wuta ta tashi? Idan ruwa ya shigo ginin nan?"

"Idan, idan, idan. Ke kina maganar idan, ni ina maganar abin da na gani da idona. Bara ina reshen kasuwa lokacin da Kaka ta shaƙe. Wata tsohuwa ta zube a ƙasa gaban ATM da azumi a bakinta, motar garinsu ta tashi ta bar ta. Ba ta zagi kowa ba, kuka kawai take tana rungume da jakarta. Wannan ba idan ba ne. Zai sake faruwa, kuma Pak Harjono ya riga ya nuna min, in ya sake faruwa in nemi wata kujerar."

Don Allah masu karatu kar ku tsane shi. Na san halinku, yanzu za ku fara turo min cewa in rabu da shi. Ba mugu ba ne. Tsohuwar nan da gaske ta tsaya masa a rai, ya ba ni labarinta tun kafin ya taɓa cewa yana sona.

"Akwai wata hanyar," na ce. "Wasu shirye-shiryenmu sau uku suke rubutu inda ɗaya ya isa. A gyara su, aiken da ake yi can zai ragu, jiran ma ya ragu."

"Kafin azumi? Kin fi kowa sanin ana ganin wata ake kulle Kaka, ba mai ƙara taɓa komai sai bayan Sallah. Gobe ne taron ƙarshe." Ya matso, ya rage murya duk da ba kowa a ɗakin sai mu. "Ban ce ki yi ƙarya ba. Zai tambaye ki, za a iya? Ki ce za a iya. Ai za a iya ɗin."

"Uda..."

"Lahadi kawunki zai zauna a falonmu. Ina so ya same ni da mutuncina, ba wanda aka tsinka a gaban taro ba."

Ni Wirda, mai kaifin harshen da ake faɗa, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ja rigar sanyina na fita, shi kuma ya ɗauka na amince.

A jirgin ƙasa, ina tsaye a taragon mata an matse ni ta ko'ina, Abak ne ya faɗo min a rai. Mahaifina. Ban taɓa ba ku labarinsa sosai ba. Ina ƙarshen firamare ranar da ƙasa ta girgiza a yankinmu, da yamma. Ni da Amak muna kasuwar garin da ke kusa, shi yana gida. Tudun da ke bayan unguwarmu ya zame gaba ɗayansa ya rufe gidaje da bishiyoyin kwakwa da duk wanda ke ciki. Mak Dang da mazan ƙauye sun yi ta tono, da fartanya, da hannu. Ba a same shi ba.

Abak ba mai son hoto ba ne. 'Yan waɗanda yake da su duk suna cikin gwangwanin biskit guda a saman kabad, gwangwanin kuwa yana can tare da shi. Mun tambayi dangi, babu. Abin da ban taɓa iya faɗa wa Amak ba shi ne fuskarsa ta fara ɓace min. Ina tuna tarinsa da asuba, da ƙamshin man gashinsa, da yadda yake fasa min ɗanyar kwakwa da sara ɗaya. Amma in na rufe ido don in ga fuskar, sai ta ƙi tsayawa. Tun daga nan na tsani duk abin da yake guda ɗaya a wuri ɗaya. Uda Yon ya san wannan, don shi kaɗai na taɓa gaya wa, shi ya sa maganarsa ta fi yi min ciwo.

Ranar Juma'a kowa rigar batik, atamfarmu ta gida, yake sawa a ofis. Na saka nawa mai ruwan ƙasa, shi ya saka shuɗin da na saya masa. Muka zauna a dogon tebur, ruwan roba a gaban kowa. Uda Yon ya tashi ya yi bayani tsaf, ya nuna layin bara, ya nuna inda aikina ya kawo mu, har ya ambaci sunana. Sannan ya kawo maganar madubi, a taƙaice, kamar wani ƙaramin abu.

Wayata ta motsa a cinyata, saƙon Uda Yon ne. "Za a iya. Shi kenan, Wir."

Pak Harjono dattijo ne mai sanyin magana, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya juyo gare ni. "Mbak Wirda, faya-fayan nan a hannunki suke. Za a iya?"

"Za a iya, Pak."

Na ga kafaɗun Uda Yon sun sauka, har ya kai hannu zai ɗauki ruwansa. Wallahi da na tsaya a nan, da yau hoton zobe nake nuna muku. Na tuna carano a kan tebur, na tuna Amak da matan masallacinta. Amma bakina ya ci gaba.

"Sai dai idan wani abu ya sami ginin nan da rana, duk abin da mutane suka ajiye ko suka aika tun safe ya tafi kenan, babu inda za a je a same shi. Ni ba na ba da shawarar a yanke, Pak. Kuma ba zan yanke da hannuna ba."

Wani ya yi gyaran murya, wata ta sunkuyar da kai tana wasa da murfin biro.

Pak Harjono ya yi murmushi. "Pak Yon, wannan ɓangaren bai fito a bayaninka ba."

"Na ɗauka, Pak, tunda na ɗan lokaci ne..."

"Ba komai, ba komai." Ya mayar da tabaransa. "Mu bar madubi yadda yake. Mbak Wirda, ki haɗa min abin da za a iya yi ba tare da an taɓa shi ba. Ki kawo min ofis da kanki."

Da kanki. Ma'ana ba ta hannun shugaban sashena ba. Duk wanda ke ɗakin ya gane, kuma duk wanda ya san Pak Harjono ya san gara ya daka maka tsawa da ya ce maka ba komai. Uda Yon ya tattara takardunsa a hankali, ya gaisa da kowa hannu da hannu, ya wuce masallaci. Ko inda nake bai kalla ba.

Na shiga banɗaki na rubuta masa. "Uda, ka yi haƙuri."

Ya karanta nan take. Sai da aka sauko daga Juma'a ya amsa. "Da kin faɗa min jiya haka za ki yi."

"Na faɗa maka."

"Ba ki faɗa ba. Shiru kika yi, kika bar ni na tashi a gaban mutane."

Gaskiyarsa ce. Daga nan ban ƙara ji daga gare shi ba, ni ma kuma ban gaya wa kowa a gida ba. Amak ta yi ta tambayata me ya sa ba na cin abinci, na ce zumuɗi ne.

Safiyar Lahadi gidanmu ya cika. Ƙannen Amak biyu sun zo cikin dogayen riguna ruwan goro da zannuwa masu zaren zinariya, suna ta gardamar yadda ake naɗa ganye. Wainar shinkafa da ayaba an jera a faranti an ɗaure da leda mai ƙyalli. Amak da kanta ta jera ganyen a carano, ɗaya bayan ɗaya, bakinta na motsi da addu'a, sannan ta lulluɓe da jan ƙyalle. Ni ina tsaye a ƙofar ɗaki ina kallo. Da na ga Mak Dang ya saɓa zanensa a kafaɗa ya zauna zai saka takalmi, sai na kasa daurewa.

"Mak Dang, akwai maganar da ya kamata ka sani kafin ka je."

Na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, tun daga ɗakin sanyi har zuwa saƙon ƙarshe. Ban kai ƙarshe ba Amak ta dafe ƙirji.

"Wirdanis! A gaban mutane? Mutumin da za ki aura? Innalillahi! Me na ce miki? Me na ce miki ranar Laraba a nan wurin?"

"Amak, ba yadda zan yi..."

"Saboda inji! Kin tozarta ɗan mutane saboda inji!"

"Ba injin ba ne, Amak, mutane ne."

"To mutanen su zo su aure ki mana!"

Mak Dang ya ɗaga mata hannu, ta koma gefe tana huci. Ya kalli takalmin da ke hannunsa.

"Ni ban san madubinku ba," ya ce. "Amma gaya min. Abin nan da kika ƙi, da an yi shi, mutum zai iya zuwa neman abinsa a ce masa babu?"

"Zai iya, Mak Dang."

"Babu a nan, ko babu ko'ina?"

"Babu ko'ina."

Ya juya tafin hannunsa yana kallo. Farcen babban yatsansa na dama bai ƙara fitowa daidai ba tun wancan tonon. "Na san babu ko'ina," ya ce a hankali. Amak ta kawar da kai.

Ya zura takalminsa ya miƙe. "Abin da kika faɗa daidai ne. Inda kika faɗe shi ne kika yi kuskure. Da kin tare shi ku biyu kin ce masa a'a ƙarara, da bai tashi ya ba da kansa ba. Namiji yana iya haɗiye a'a a ɗaki." Ya juya ga ƙannen Amak. "Ku ɗauko carano. An ce musu muna zuwa, za mu je. In kunya ce ni zan sha, ai don ita aka yi kawu."

Suka tafi. Budurwa ba ta zuwa, don haka ni da Amak muka rage. Ta zauna a keken ɗinki ta yi ta taka shi, har na lura zaren ya tsinke tun tuni ita ba ta sani ba. Ban gaya mata ba. Muka yi azahar kowa a ɗakinsa, abincin rana yana kan tebur ba wanda ya buɗe.

Bayan la'asar muka ji tsayuwar mota a bakin lungu. Tun daga tafiyar ƙannen Amak na gane, babu mai magana a cikinsu, su da ko a makoki sai sun sami abin cewa. Aka ajiye carano a kan tebur. Amak ta goge hannunta, ta ɗaga jan ƙyallen.

Ganyen yana nan yadda ta jera shi. Ko ɗaya ba a ɗauka ba.

"Sun karɓe mu da mutunci," Mak Dang ya ce yana cire hula. "An ci an sha. Da na tura carano gabansu, sai suka hau yabon tagullar, wai irinta ba a samu yanzu. Uwarsa ta ce sai sun ƙara shawara a tsakaninsu."

Amak ta sunkuya a kan carano. Ta mayar da ƙyallen ta rufe, tana gyara bakinsa, hawaye na ɗiga a kai. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Zuciyata ta karye, na ji na tsani kaina da bakina da Kaka gaba ɗaya.

"Shi fa?" na tambaya da ƙyar. "Yana wurin?"

"Bai fito ba. Sai da muka shiga mota ya biyo mu da gudu, ko takalmi babu." Mak Dang ya zura hannu cikin zanen kafaɗarsa ya zaro wani abu faffaɗa a naɗe cikin farin ƙyalle. "Ya ce in ba ki wannan. Ya ce da tando ɗinsa ne, amma ya fasa, don tando ana mayarwa idan magana ta lalace. Wannan naki ne, ko an yi ko ba a yi ba."

Na warware ƙyallen. Hoto ne a cikin gilashi, tsoho, launinsa ya koɗe ya koma ja-ja. Taron biki ne a ƙauye, maza sun jeru a gaban rumfa kowa ya ƙame. Can gefe kuma wani siririn mutum ne da hula a karkace, shi kaɗai ne ba ya kallon mai ɗaukar hoto. Wata 'yar yarinya ya saɓa a kafaɗa, ta cafke masa kunne, shi kuma yana dariya.

Amak ta leƙo ta bayana. Sai ji na yi ta ƙwalla ƙara, "Uda Zainir!" Ta zube a ƙasa ta rungume ƙafafuna.

Abak ne. Yarinyar ni ce.

Masu karatu, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Fuskar da na yi shekaru ina nema ina kasa kamawa, ga ta a hannuna tana dariya. Ashe wushiryata tasa ce. Ashe girarsa ta hagu ta fi ta dama tsayi, yadda tawa take. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka daina tono.

"Wurin wani mutumin ƙauyenmu ya samo shi, a Medan," Mak Dang ya ce. "Ya bar gida tun kafin abin ya faru, ya tafi da hoton bikin ƙanwarsa a jaka. Yaron ya ce gida-gida ya riƙa bi yana tambaya."

Kafin in ko share fuska na ɗauki hoton a waya na tura wa duk wani ɗan uwa da ke nesa, na Batam, na Pekanbaru, har wadda ke aure a ƙetare. Hali ne, ba na iya bari. Mak Dang yana kallona ya girgiza kai.

Na shiga ɗaki da hoton na zauna a bakin gado. Mutumin da ya taka har Medan yana ƙwanƙwasa ƙofofin da bai sani ba don ya nemo min abin da ya tsira saboda yana nesa, shi ne ya ce in yanke madubi. Kuma ni ce na bar shi ya tashi a gaban mutane. Ban sani ba ko ban haƙuri ne ya aiko min, ko sallama. Ina sonsa, yau ma fiye da jiya, kuma da za a maimaita taron nan gobe, madubin dai ba zan yanke ba.

Na rubuta dogon saƙo na goge. Na sake rubutawa na goge. A ƙarshe abin da na tura masa kenan: "Uda, na karɓa."

Alama ɗaya ta fito.

Amak ta kira ni sallar magariba, na ce ina zuwa. Carano yana nan kan tebur, ganyen ya fara yaushi a ƙarƙashin ƙyalle. Ni kuwa har yanzu da nake rubuta muku ban ajiye wayar ba, ina jiran ta biyun.